Mma Sanatu da Goron da Ba Nawa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, shida ga watan Zulƙida, wadda ta yi daidai da sha huɗu ga Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hajiya Sanatu Neindow a gidanta da ke nan Tamale, bayan jinyar kwana tara. Ta rasu tana da shekara saba'in da ɗaya. Mma Sanatu, kamar yadda babba da yaro ke kiranta, ita ce ta riƙe ɗakunan kwanan ɗalibai mata a kwalejinmu ta horar da malamai har shekara ashirin da shida. Ina bayan gida ina duba doyar da na shuka, don an kwana ana ruwa, sai babbar 'yarta Rahinatu ta kira ni a waya. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Masta Issaka, kakarka ta tafi." Na saki fartanya na zauna cikin taɓo, ban ma san na zauna ba.

Mma, shekara shida kacal kika ba ni, amma ba ki taɓa yarda na kira ki yaya ba. Ni Bamoshe ne, ke kuwa 'yar Dagwamba, saboda haka ni jika ke kaka, kuma wasa tsakaninmu tun kafin a haife mu aka ƙulla shi. Shekara ashirin muna aiki wuri ɗaya ba ki taɓa gaishe ni kamar mutum ba. Da kin hango na tsayar da tsohon babur ɗina sai ki ɗaga murya, ɗalibai na ji, ki ce, "Bamoshe, yau ina ka ɗaure jakin naka?" Ni kuma in ce, "Yana can gidanku yana koya wa mazanku noma." Sai ki tafa hannu ki ce, "Ji ɗan nema! Da ba mu ba ku uwa ba, ai da jakai ne suka raine ku." Ko ranar Lahadin da na je duba ki, muryarki ta yi ƙasa har sai da na sunkuya, amma sai da kika tambayi jakin.

Na yi kukana na gama. Yau kwana goma ke nan da rufe ki, kuma abin da na tarar a zuciyata natsuwa ce. Kin yi aikinki, kin sauke farali, kin ga jikoki, kin tafi ba ki wahalar da kowa ba. Wa zai ƙi irin wannan tafiya? Sai dai akwai wani goro da ya tsaya mini a maƙogwaro shekara goma sha bakwai, wanda ke kaɗai kika san da shi a cikin abokan aiki, kuma ba zan iya yabonki yadda ya kamata ba sai na tona kaina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Amma bari in fara da faifan lalo, don duk wadda ta taɓa kwana a waɗancan ɗakuna da shi take tuna ki. Kwaleji ta ba ki ofis mai tebur da kujera mai juyawa, kika mayar da shi wurin ajiye tsintsiya da bokiti. Ofishinki na gaske wani dogon benci ne a gindin mangwaro, bayan ɗakin girki. Kullum bayan la'asar kina nan da faifai cike da lalo kina tsinka. Mu malamai mun yi ta yi miki tsiya, muna cewa mijinki Afa Ziblim ya shiga uku, mutum kullum tuwo da miyar lalo kamar an yi masa baki. Kikan yi dariya ki ce santsin ne ke sa magana ta wuce. Na ɗauka wasa ne. Sai daga baya na gane cewa yarinyar da aka keta wa haddi ba ta iya shiga ofis ta zauna gaban tebur, a kafe ta da ido, a ce mata "ina jin ki." Amma tana iya zuwa ta ce, "Mma, in taya ki tsinka?" Sai ta zauna a gefenki, ba a gabanki ba, hannunta na aiki, idonta na kan ganye. Wata takan yi kwana uku tana zuwa ba ta ce uffan ba, ke kuma ba ki taɓa cewa "me ke damunki" ba. Wanda ya hango ku daga nesa kuwa, abin da ya gani kawai mata biyu ne ke gyaran kayan miya.

Idan kika ga yarinya ta ɗauko maganar, kafin ta sauke ta sai ki dafa hannunta ki ce, "Tsaya, 'yata. Bari in fara gaya miki iyakata. Ba don tuwo kaɗai aka yi cikina ba, amma in akwai ran da ke cikin haɗari, ko malami ne ya taɓa ɗaliba, aikina ya ɗora mini in sanar da shugaban kwaleji. Ba zan je ba sai kin sani, ba zan ambaci sunanki ba sai kin yarda. In kin fi son wadda ofis bai ɗaure wa baki ba, sai in raka ki wurin nas. Yanzu ki zaɓa." Na taɓa ce miki wannan ai korar yara ne, wa zai buɗe baki bayan ya ji haka? Kika ce gara ta tafi da sirrinta a hannunta da ki karɓe shi da alkawarin ƙarya, don wanda ya cuce ta ma da daɗin baki ya fara.

Daga nan sai ki yi shiru. Ba abin da ke fita daga bakinki sai "Naa", irin wanda muke amsa gaisuwa da shi. In ta kai aya sai ki ce kin yarda da ita, ki ce ba laifinta ba ne, sannan ki tambaye ta me take so a yi. Na ji waɗannan kalmomi daga bakin mata da yawa a wurin makokinki, kowace na faɗa kamar ita kaɗai aka taɓa gaya wa. In abin bai wuce kwana uku ba, kikan gaya mata cewa akwai magungunan kariya da asibiti ke bayarwa, kuma lokaci na tafiya. In ta yarda sai ki goya ta a babur ɗinki, ki ce wa mai gadi za ku sayo kuɓewa. Kikan rubuta maganarta da kalmominta, ba da naki ba, ki karanta mata, ta gyara inda ta ga dama, don kada a sa ta maimaita abu ɗaya a ofis bakwai. Ba ki taɓa zuwa wani kwas a kan wannan ba. Da aka fara turo mana masu bita daga Akara, sai muka ga rabin abin da ke takardunsu yana gindin mangwaro tun da daɗewa.

Ba zan manta ranar da wani malaminmu ya ce a taron ma'aikata, "To ita me ya kai ta ɗakinsa?" ba. Kika juyo a hankali kika ce, "Masta, bara da aka sace maka babur a kasuwar Aboabo, wa ya tambaye ka me ya kai ka kasuwa? Ba nan muka taru muka yi maka jaje ba?" Na sunkuyar da kai, don wallahi tambayar tana bakina ni ma, ya riga ni ne kawai. Haka kuma shekarar da wani ɗalibi namiji, ƙato mai buga wa kwaleji ƙwallo, ya zo ya zauna a bencin nan ya ce zai taya ki tsinka. Masu girki suka fara ƙyaƙyata dariya. Kallo ɗaya kika yi musu kowace ta koma kan tukunyarta, kika matsa masa wuri, kika tura masa faifan. Har kika koma ga Allah ban ji abin da ya gaya miki ba, ban kuma tambaya ba.

To, yanzu sai nawa.

Zan kira ta Tiyumba. Ba sunanta ba ne, ita ta zaɓe shi da kanta, ita kuma ta ba ni izinin wannan rubutu, ta karanta shi kafin kowa. Tana shekarar ƙarshe aka tura ta wata makarantar ƙauye koyon koyarwa, kamar sauran 'yan ajinsu. Malamin da aka ɗora wa zuwa duba ta ya ba ta maki, shi ya yi mata fyaɗe. Ta dawo kwaleji, ta yi kwana huɗu tana taya ki tsinka, a na biyar ta faɗa miki. Da kika jera mata hanyoyin da ke akwai, sai ta ce tana so kwamitin ladabtarwa na kwaleji ya zauna. A lokacin ni ne mai kula da harkokin ɗalibai, ni ne kuma shugaban wannan kwamiti. Na karanta takardar da kika rubuta, raina ya ɓaci ƙwarai, na sa hannu aka dakatar da malamin. Har na kalli yarinyar nan na ce mata ta kwantar da hankalinta, maganarta tana hannuna.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Mba Imoro, wato Baba Imoro, a gidana, shi da dattawa biyu. Kawun malamin ne. Amma a wurina ya wuce haka. Gidansu ne ya ba mahaifina ɗaki lokacin da ya sauko daga arewa ba shi da kowa a garin nan, kuma Mba Imoro ne ya raɗa mini suna. A lokacin ya haura tamanin. Na taso da sauri zan durƙusa in gaishe shi, sai ya riga ni. Ya jingine sandarsa ya durƙusa a gabana, a tsakar gidana, matata da maƙwabta na kallo. Ya miƙo ƙullin goro a ganye ya ce, "Issaka, ɗana ya yi abin kunya, ban zo musu ba. Roƙo na zo. Ka dubi furfurata, ka bar maganar nan ta mutu a cikin gida." Na ce, "Mba, don Allah ka tashi." Ya ce ba zai tashi ba sai na karɓa. Gwiwoyinsa na rawa, ina gani. Wallahi, Mma, yarinyar ba ta faɗo mini a rai ba ko na ƙiftawar ido, gwiwoyin tsohon kawai nake gani. Na sa hannu biyu na karɓa. Ya zaro ɗaya ya ɓara ya miƙo mini, na gatsa, suka yi addu'a suka tafi. Kowa a ƙasar nan ya san abin da hakan ke nufi.

Kafin Litinin labari ya gama kwaleji cewa an sasanta. Aka ga malamin a ɗakin hutun malamai yana shan shayi yana dariya. Tiyumba ta ɗaure akwatinta, saura mako bakwai a fara jarrabawar ƙarshe. Shekara uku na karatu, da aikin da iyayenta ke jira, duk za ta bar su ta koma ƙauye, saboda mutumin da ya ce maganarta na hannunsa ya sake ta.

Ranar Litinin da safe kika shigo ofishina kika rufe ƙofa. Ranar ce kaɗai ba ki tambayi jakina ba. Kika ce, "Issaka, goron wa ka ci?" Na shiga bayani, na kawo zancen mahaifina, na kawo furfura, na kawo gwiwa. Kika bar ni na gama, har kina ce mini "Naa." Sannan kika ce, "Kai aka yi wa? An ce kada a ari bakin mutum a ci masa albasa, kai ka ari bakin yarinya ka ci mata goro. Yafiyar nan tata ce. Ba taka ba ce, ba tawa ba ce, ba ta shugaba ba ce. Ka yi kyauta da abin da ba naka ba." Kin san ni da saurin hawa. Na buga tebur na ce, "To da ke ce fa? Sai ki bar tsoho a durƙushe?" Kika ce, "Da ni ce, sai in durƙusa tare da shi har gwiwoyinmu su gaji, amma hannuna na baya." Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba ki tare yarinyar a ƙofa ba, ba ki yi mata wa'azin haƙuri ba. Kun zauna a benci, akwatinta na gefe, kika ce mata in tafiya take so ke za ki kai ta tasha, kuma za ki yi faɗa har sai an ba ta damar rubuta jarrabawar a wani lokaci. Sannan kika yi mata tambayarki ta kullum. Ta daɗe tana tsinka kafin ta ce, "Ina so Masta Issaka ya mayar da goron. Akwatina na nan ɗaure har Laraba."

A mayar da goro! Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin wanda ya karɓi goron roƙo, ya ci, sannan ya mayar ba. Wannan ai marin dattijo ne a bainar jama'a. Kwana biyu abinci bai wuce mini ba. Matata ta ce in yi tunanin inda za mu sa kanmu a unguwa, ƙanena ya ce in bari ƙura ta lafa. Ke kuwa ba ki sake ce mini komai ba, ko kallona ba ki yi ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ranar Laraba da safe na ɗauko ƙullin na fito, sai babur ɗina ya ƙi tashi. Na buga, na buga, ko tari bai yi ba. Ina cikin zufa sai na ji ƙarar naki a bayana. Kika ce, "Hau, Bamoshe." Kika tambayi guntun da na gatsa, na ce yana aljihun rigar Juma'ata. Kika ce in koma in ɗauko, a haɗa har da shi, su ga inda haƙorina ya shiga. Haka muka ratsa Tamale, ƙaton mutum kamata a bayan mace, rungume da ƙullin ganye.

Kika tsaya a waje, kika ce wannan shigar tawa ce ni kaɗai. Na tarar da Mba Imoro a zaure da mutanensa. Na durƙusa, na ajiye goron a gabansa, na ce, "Mba, na karɓi abin da ba nawa ba. Wadda aka yi wa laifin ba ta aike ni ba." Ya daɗe yana kallon guntun nan. Sannan ya kawar da kai ya ce, "Ɗan baƙo ya girma." Daga ranar bai sake amsa gaisuwata ba har ya bar duniya, kuma da ya rasu ba a aiko mini da goron sanarwa ba. Na je duk da haka, na tsaya a sahun baya. Ban ƙullace shi ba, mutum ne da ya yi wa gidanmu alheri, ya kuma yi abin da ya tarar ana yi. Da muka kamo hanyar dawowa a ranar, hawaye kawai nake sharewa da hular kaina. Sai da muka kusa kwaleji kika waiwayo kika ce, "Ka ga jakin naka ya fi ka wayo, shi ya ƙi zuwa." Na fashe da dariya ina kuka, har kika kusa kayar da mu.

Da yammar ranar Tiyumba ta kwance akwatinta. Bisa shawararki na sauka daga kujerar kwamiti, wata ta hau. Aka karanta takardar sau ɗaya, ba wanda ya sa yarinyar ta maimaita, ba a kuma zaunar da ita ɗaki ɗaya da mutumin ba. A makon nan wasu 'yan mata biyu suka zo taya ki tsinka, kuma sunan da suka ambata shi ne dai wannan. Aka kore shi. Na san kin so a je kotu, don na ga yadda kike cije leɓe, kin kuma yi mata bayanin hanyar dalla-dalla har sau biyu. Ta ce ba za ta iya ba a lokacin. Ba ki matsa ba. Kika ce mini mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, kuma an riga an yi mata dole sau ɗaya, ba za ki zama ta biyu ba. Aka sa wata malama ta sake duba koyarwarta. Ta rubuta jarrabawa tare da 'yan ajinsu, ta ci.

Sai dai ni ba ta sake ɗaga ido ta dube ni ba. In na gaishe ta sai ta ce "Naa" ta wuce. Abin ya dame ni, don ina ganin ai na gyara. Ranar bikin yaye su na same ki a gindin mangwaro na ce, "Kaka, ki taimake ni ki roƙar mini yarinyar nan, tana jin maganarki." Kika yi dariya har faifan ya kusa kifewa. Kika ce, "Kai, Bamoshe! Ashe har yanzu ba ka gane karatun ba? Goro kake so in kai mata?" Da kika gama dariyar sai kika ce, "Ka yi mata laifi, ka gyara abin da ke gyaruwa. Sauran nata ne. In ta ga dama ta zo. In ba ta zo ba har ka mutu, ba ta zalunce ka ba."

Tun daga ranar na daina cin goro, ni da ba na shiga aji sai da shi a kumatu. Ba rantsuwa na yi ba, kawai in na kai shi baki sai in ga guntun nan. Mutane suka ɗauka likita ne ya hana ni, na bar su a haka. Duk suna ko ɗaurin auren da muka haɗu, in an zo rabo sai ki miƙa hannu ki ce, "Bamoshe ba ya ci, ku ba ni nasa," ki kashe mini ido. A shekarun da suka rage mini a aiki ɗalibai huɗu sun kawo mini irin wannan magana. Ni ba ni da lalo, sai in ce su taya ni jera littattafai. Na gaya musu iyakata tun farko, na kame bakina, na tambaye su me suke so. Sau biyu aka zo mini da ƙullin ganye, na durƙusa tare da masu shi, hannuna na baya. Da kika yi ritaya kwaleji ta rubuta yadda kike yi a takarda don sababbin ma'aikata. Na kawo miki kika sa tabarau kika karanta tsaf, sannan kika ce, "Ba laifi. Amma ina lalon?"

Ranar sadakar bakwai ɗinki gidan ya cika har titi. Mata sun zauna a rumfa suna tsinkar lalon da za a yi wa baƙi miya, abin da ya sa na kasa kallon wajen. Ina wucewa sai na ji an ce, "Masta Issaka." Na juya na ga mace kamila, ta kai arba'in. Tiyumba ce. Yanzu ita ce shugabar wata makarantar 'yan mata, tana da 'ya'ya uku. Ta matsa a kan benci ta ce, "Masta, ka taya ni tsinka." Na zauna a gefenta, tsoho da furfurata a tsakiyar mata, ana ta kallona. Muka yi ta tsinka, ba mai kallon wani. Can ta ce, "Na daɗe ina jin haushinka. Wani lokacin har ya fi na wancan mutumin, don kai na yarda da kai." Bayani ya taso mini har maƙogwaro, Mma, da mahaifina da furfura da gwiwa, duk suka taso. Na haɗiye su na ce, "Naa." Ta ce, "Amma na ga lokacin da kuka dawo a babur daga mayar da goron. Ina taga."

Sai ta kwance bakin mayafinta ta fito da goro ɗaya, fari. Ta ɓara shi biyu, ta riƙe ɓari, ta miƙo mini ɓari. Na ce, "Mma ce ta bar miki wasiyya?" Ta girgiza kai ta ce, "Shekara goma sha bakwai duk sallah ina gidan nan, ko sau ɗaya ba ta taɓa roƙar maka ba. Shi ya sa na kawo da kaina." Na karɓa da hannu biyu. Haƙorana sun yi rauni yanzu, goron kuma da ɗaci kamar yadda na san shi, amma na cinye shi tas. Wannan nawa ne, Mma, mai shi ce ta ba ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Afa Ziblim, wanda ya ci miyar lalo shekara ashirin da shida bai taɓa tambayar dalili ba, da 'ya'yanki Rahinatu da Wumbei da Napari, da jikokinki na jini, da mu na wasa. Ina kuma yi wa waɗanda ba zan iya ambata ba ta'aziyya, mata da maza da suka zauna a bencin nan, waɗanda kika tafi da sunayensu kabari ba ki ba kowa ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinki baki ɗaya. Jakin na nan ɗaure a ƙofar gida, kaka, ba mai tambayarsa.

Ya Allah, ga baiwarka Sanatu ta zo gare ka. Ta rufa asirin 'ya'yan mutane, ka rufa mata asiri. Ta saurari waɗanda ba a saurara, ka karɓi kyawawan ayyukanta. Ka yafe mata kurakuranta, kai da yafiyar bayi take hannunka. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ba da haƙƙin kowa a bakinmu ba. Amin.

Issaka Sawadogo
Tamale